Ajiyar Yayata a Gidan Zango

Sana'ata ƙirgar kuɗin wuri ce. Shekara goma sha huɗu na yi a kan tabarma guda, a zauren wani attajiri a Zango, wajen ganuwar Damagaram, ina jan wuri biyar-biyar da yatsu. In sun kai ɗari in tara su waje guda, in sun kai dubu in ture gefe, in sun kai dubu ashirin a zuba a buhun kaba a ɗinke baki. Wannan buhu shi muke kira keso. Daga hantsi zuwa la'asar nakan cika keso biyar, ran da hannu ya sake har shida, kuma ba a taɓa kama ni da kuskuren wuri goma ba. Na faɗi haka ne don a san abin da zan ba da labarinsa ba a bakin kasuwa na tsince shi ba. Ta hannuna ya bi.

Mu Barebari ne. Mahaifinmu ya zo daga gabas yana saurayi, ya zauna cikin majema, ya yi jima har ƙarfinsa ya ƙare. Ni ƙirjina bai ɗauki warin ramin jima da ƙurar bagaruwa ba, in na shiga sai tari ya sarƙe ni, shi ya sa aka nema mini aikin zama. Mu biyu iyayenmu suka bari, ni da yayata wadda ta girme ni da shekara bakwai.

Maigidan da nake wa aiki fatoma ne, wato mai saukar da baƙin fatake. Larabawan Gadamus a gidansa suke sauka, haka Bugaje masu kawo gishiri. Shi ke sayar musu da kaya, shi ke saya musu fatu da gashin jimina, ya ɗauki la'adarsa. Ɗan guntun mutum ne, fari, mai sanyin murya. Ban taɓa jin ya ɗaga harshe ga kowa ba, ban kuma taɓa ganin ya taɓa wuri da hannunsa ba. Yana da ɗakuna shida na ƙasa masu rufin azara a cikin gida, waɗanda wuta ba ta ci, ɓarawo ba ya hudawa. Saboda waɗannan ɗakuna mutane suke kawo masa ajiya: mahauta, masaƙa, mata masu ƙosai, manoman ƙauye bayan kaka. Sai in ƙirga, malamin gidan ya rubuta a takarda, a kai ciki. Ba ya karɓar ko wuri guda ladan ajiya. Mutane na sa masa albarka a kan haka, ni ma ina cikinsu. Wanda kuma ya matsu yakan zo ya ci bashi, galibi majema, don su sayi ɗanyar fata kafin ayari ya iso.

Yayata a ƙauyen Tirmini ta yi aure. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'yar gona da ɗakin kara, 'ya'yanta mata biyu kuma sun yi aure nesa. Sai ta kama man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ita ke suya, ita ke niƙa, ita ke matsa, ran kasuwa ta ɗora tulun mai a ka tun asuba, ta tako har birni, ta koma da magariba. Shekara tara tana haka. Wuyanta ya ƙage, har ta kai in za ta dube ka sai ta juyo da jikinta duka. Abin da take tara kuɗi dominsa ba ɓoyayye ba ne, kowa a Tirmini ya sani: takarkari biyu, wato shanun ɗaukar kaya, don su ɗauke mata tulu kuma ta riƙa ba da su haya ga masu kai hatsi birni, da saniya guda, da ɗakin ƙasa maimakon na kara. Kuɗin a tukwane ta binne su ƙarƙashin gadonta.

Wata bazara gobara ta tashi a unguwarsu, ta cinye gidaje huɗu, ta tsaya a dangar yayata. Maƙwabciyarta da ta ajiye nata wuri a ƙwarya sai toka fara ta tarar, in ka murza ya zama gari. Da na ji na tafi Tirmini washegari. Na same ta zaune a tsakar gida tana tsince gyaɗa, hayaƙi bai gama barin unguwar ba.

Na ce, "Yaya, ki tono tukwanen nan mu kai gidan Maigida."

Ta ce, "A'a. In dai na tono su, kasuwar shanu za su. Na gaji da jira."

"Yanzu? A bazara? Duk shanun ƙashi ne da fata. Ki bari kaka ta yi, ki zaɓi masu nama."

"To su zauna inda suke. Ƙasa ba ta taɓa cin mini ko guda ba."

"Wuta fa? Jiya saura taku nawa?"

Ta ce, "Kai ka san mutumin nan?"

Na ce, "Shekara goma sha ɗaya ina cin tuwonsa. Ni zan ƙirga da hannuna, ni zan ƙirga ran da za ki karɓa. Ko wuri guda ya ɓata ki kama ni."

Da wannan magana na ciwo kanta. Muka ari jakuna biyu, muka ɗora musu kuɗin muka kawo Zango. Na ƙirga a gabanta, keso biyu da rabi, wato dubu hamsin cif, ƙananan wuri farare tsaf, duk suna ƙamshin man gyaɗa. Maigida ya fito da kansa ya gaishe ta, ya sa aka kawo mata fura. Ya ce, "Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki. Ran da kika so, ko da rana tsaka ce, ki zo ki ɗauki abinki." Malam ya rubuta: wuri dubu hamsin, ajiya. A ranar, dubu hamsin ɗin nan sun isa takarkari biyu da saniya, har a yi saura.

Bayan wannan da kamar wata biyu, wasu fatake suka iso daga Kano da jakuna, suka sauke buhuna a zaure. Ina zuba na farko a tabarma yatsuna suka gaya mini wani abu ya sake. Wurin manya ne, bayansu da duhu-duhu, da wani zobe rawaya a kewaye. Ba su zamewa a hannu kamar namu. Na ɗebi kaɗan na kai wa Maigida.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba irin namu ba ne."

Ya dube su a tafin hannuna, bai taɓa ba. Ya ce, "Guda nawa ne?"

"Biyar."

"To biyar ne. Kai mai ƙirga ne. Je ka ƙirga."

Ya riga ya sani. Daga baya na gane cewa abokan cinikinsa na Kano da Nufe sun daɗe da aiko masa da labari: ana ta sauke irin wannan wuri a bakin teku, jirgi bayan jirgi, yana hawowa arewa a kan mutane da jakuna, ba shi da ranar ƙarewa. Ya san in abu ya yi yawa haka zai yi arha, ko da kuɗi ne. Ni ban san wannan ba a lokacin. Amma na ga abin da ya biyo baya, kuma ina da ido.

Abu na farko, ɗakunan ajiya suka fara zama wayam. Duk keson da ya shigo ba ya kwana uku, sai a fitar da shi a kai wa Larabawa a musanya da gursu. Gursu shi ne kuɗin azurfan nan mai kan mace a jiki, wanda Larabawa ke kawowa ta hamada. A lokacin, gursu guda wuri dubu biyu da ɗari biyar ne. Kuɗin yayata ni na ɗauko su daga ɗaki na uku, na sake ƙirga su a gaban wani Balarabe, ya miƙa gursu ashirin, Maigida ya zuba a jakar fata ya shiga da su ɗakin kwanansa. Na tuna na tsaya ina kallon wurin da keson suke jingine. Na ce a raina ai ba komai, kuɗi kuɗi ne, ran da ta zo za a ba ta.

Abu na biyu, ya kira malamin gidan ya ce daga yau duk wanda ya zo cin bashi, wuri za a ba shi a hannu, amma a takarda gursu za a rubuta. Ajiya kuwa a bar ta yadda take, a wuri. Malam ya ce to. Ni ina zaune a gefe, hannuna cikin kuɗi, na ci gaba da ƙirga.

Cikin waɗanda suka fara faɗawa akwai wani tsoho majemi, aminin mahaifinmu, wanda muke kira Baba tun muna yara. Ya zo neman keso guda don ya sayi fatun awaki. Na ƙirga masa dubu ashirin, malam ya rubuta gursu takwas. Aka kuma yi sharaɗi cewa fatun da zai jeme Maigida zai sayar wa, a wuri, a kuɗin da aka yanka tun ranar. Baba bai iya karatu ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, daidai ne?" Na ce daidai ne, Baba. A ranar kuwa daidai ne.

Kaka ta zo, yayata ba ta zo ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita wata biyu. Da ta tashi ta je kasuwar shanu ta taya, ta dawo tana mita wai masu shanu sun haukace, sun ƙara kuɗi. Ta tambaye ni, na ce ta jira, tsada ce ta shekara, za ta sauka. Shekara ta kewayo, tsada ba ta sauka ba. Damin hatsi ya hau, gishiri ya hau, zanen saƙi ya hau. Ita ma ta ƙara wa manta kuɗi, amma gyaɗar da take saye ta riga ta hawa, don haka abin da ke rage mata bai wuce na tuwo ba. Ni kuwa aikina ya ninku. Cinikin da a da nake gamawa kafin azahar, yanzu sai ya kai ni la'asar, don kayan da ake biya da keso guda ya koma neman biyu. Ladana bai ƙaru ba sai da na roƙa sau uku.

A nan ne laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Tun shekara ta biyu na gane abin da ke faruwa. Kowace Juma'a ina jin yadda Larabawa ke sayar da gursu: dubu uku, dubu uku da rabi, dubu huɗu. Da na je Tirmini na ce, Yaya, zo yau ki kwashe kuɗinki ki sayi duk abin da suka saya, da ta tsira da takarkari biyu ko da babu saniya. Ban je ba. Ina jin kunyar in ce mata shawarata ce ta cuce ta. Ina kuma tsoron Maigida ya ji cewa ni ke zuga masu ajiya. Kullum sai in ce wa kaina wata mai zuwa abin zai juya.

A kaka ta uku ta zo da kanta, ba ta aiko ba. Da hantsi ne, ran Alhamis. Ta ce ta gaji, a ba ta abinta. Maigida ya ce madalla. Ya shiga ciki ya fito da gursu goma sha ɗaya, ya aika aka musanyo su a wajen baƙinsa, don a ranar gursu ya kai dubu huɗu da rabi. Ya cika 'yan ɗari biyar da suka rage daga kuɗin zaure. Na zauna na ƙirga mata dubu hamsin, manyan wurin nan masu zobe. Ko ɗaya bai ɓata ba. Ta sa aka ɗora wa jakuna ta nufi kasuwar shanu.

Tana fita Baba majemi ya shigo da fatunsa. Ayarin da ya yi dako bai zo a shekarar farko ba, sai aka ɗaga masa bashin, aka sake ɗagawa. Yanzu ya kawo fatu jemammu, jajaye, masu laushi kamar zane. Aka ƙirga su a kuɗin da aka yanka tun da fari, suka tashi dubu ashirin da biyu. Ya yi murmushi, yana zaton zai koma gida da dubu biyu. Sai malam ya buɗe takarda ya ce bashinsa gursu takwas ne, gursu takwas kuwa a yau dubu talatin da shida ne. Saura dubu goma sha huɗu a kansa.

Baba ya ce, "Keso guda na karɓa."

Malam ya ce, "Gursu takwas aka rubuta."

"Ni ban taɓa riƙe gursu a hannuna ba tun da aka haife ni." Ya juyo gare ni. "Ɗana, ba kai ka ƙirga mini ba?"

Muna cikin haka sai ga yayata ta dawo. Jakunan na nan da kayansu a ƙofar gida, ba ta sauke ba. Ta shigo zaure ba sallama, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta tsaya a gaban Maigida, ta juyo da jikinta duka.

Ta ce, "Takarkari guda. Guda ɗaya, da ɗan maraƙi in na roƙa. Abin da kuɗina suka saya ke nan."

Ya ce, "Subhanallahi. Kasuwa ta lalace, baiwar Allah. Kowa kuka yake."

"Ran da na kawo maka, biyu suke saye da saniya."

"Nawa kika kawo?"

"Dubu hamsin."

"Nawa aka ba ki?"

Bai jira ta amsa ba, ya nuna ni da hannu.

"Ga ƙanenki nan, shi ya ƙirga shiga, shi ya ƙirga fita. In akwai guda da ya ɓata, ya faɗa, in biya ninki goma. Shekara uku na tsare miki dukiya, ban karɓi ladan ko ƙwaya ba. Ni na sa wa shanu kuɗi?"

Muryarsa ba ta tashi ba. Yana magana yana gyara hannun rigarsa. Wannan sanyin ne ya tunzura ni. Na miƙe daga kan tabarma, wuri suka watse a ƙasa.

Na ce, "Ba ka tsare mata komai ba. Kwana nawa kuɗinta suka yi a ɗakinka? Ni na fito da su, ni na ƙirga wa Balarabe, ya ba ka gursu ashirin. Yau da goma sha ɗaya ka biya ta. Ina sauran tara? Ga Baba, wuri ka ba shi, azurfa kake bin sa. Ita wuri ta ba ka, wuri ka mayar mata. In kai ke bi, azurfa. In kai ake bi, wuri. A tabarma guda, a yini guda, da hannuna!"

Akwai Bugaje biyu zaune a gefe, suka juyo suna kallonmu. Maigida ya dube ni kamar yadda ake duban jakin da ya yi tutsu a hanya. Ya ce, "Ka gama?" Sannan ya ce wa malam a biya ni ladan kwanakina, in ajiye masa tabarmarsa.

Yayata ba ta kalli Maigida ba. Ni ta kalla. Ta ce, "Ashe ka sani."

Na ce, "Yaya..."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

Ta fita.

Duk da haka, da na roƙe ta washegari ta yarda muka kai ƙara, mu uku da Baba, wajen wani babban malami da ke raba gardamar 'yan kasuwa a unguwa. Mutum ne mai tsoron Allah, ba na zarginsa da cin hanci, har yau. Maigida ya zo da takardunsa da malaminsa. Aka saurari kowa. Na ba da shaida a kan gursu ashirin, Maigida bai musa ba. Ya ce haka ne, ya juya kuɗin, kamar yadda kowane fatoma ke yi.

Babban malamin ya daɗe yana duban littafi. Sannan ya ce, wanda aka ba ajiya in ya juya ta, ta zama bashi a kansa, in ta salwanta shi zai biya, in ta yi riba tasa ce. Abin da ke kansa shi ne ya mayar da irin abin da ya karɓa, adadinsa. Wuri dubu hamsin ya karɓa, wuri dubu hamsin ya mayar. Game da Baba kuwa, ya ce akwai abin dubawa a yadda aka ba da wani abu aka rubuta wani, amma Maigida ya kawo shaidu biyu cewa gursu takwas ya ranta, Baba ne ya wakilta shi ya musanya masa su da wuri nan take. Shaidun yaran gidansa ne, manya masu gemu, waɗanda muka ci tuwo tare shekara da shekaru. Suka rantse ba su ko ƙifta ido ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, to gumin shekara tara fa? Rabinsa ya tafi. Wa ya ɗauka?"

Ya ce, "Ban ce ba a yi rashi ba. Na ce ban ga inda zan kama shi ba."

"Ya san wuri zai faɗi. Ya sani, bai gaya wa kowa ba."

"Kai ma ka sani," in ji malamin, a hankali. "Ka gaya mata?"

Wannan magana tasa gaskiya ce. Amma har gobe ina cewa ba ɗaya muke ba. Ni tsoro ya hana ni magana, na fita ba ni da ko wuri. Shi ya tsara abin tun daga farko, ya zauna ya lissafa wanda zai ɗauki asara da wanda zai ɗauki riba, ya zaɓa wa kansa. Kuma ba yayata kaɗai ba. Na san masu ajiya a gidan nan fiye da sittin. Na san mahaucin da ya tara sadakin ɗansa, da makauniyar da jikokinta ke kawo mata wuri ɗari-ɗari. Kowannensu an mayar masa da abinsa cif, kowannensu ya yi godiya, ya tafi kasuwa ya zagi masu hatsi da masu shanu. Ba wanda ya waiwayi ɗakunan azara. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: an kwashe rabin dukiyar unguwa da rana tsaka, ba a fasa ƙofa ba, ba a karya doka ba, wanda ya kwashe kuma shi ake ba sahun gaba a masallaci.

Bayan shari'ar na zaga Zango gida-gida neman aiki. Kowane fatoma ya san hannuna, ba wanda ya ɗauke ni. Ɗaya ya gaya mini a fili: mai ƙirga da ke faɗin abin da ya gani a ɗakin ajiya ba shi da amfani ga kowa. Na sayar da ɗan abin da nake da shi, na kwashi matata muka koma Tirmini, na ari gona. Ina da shekara kusan arba'in na fara koyon riƙe hauya. Tafin hannuna ya fashe damina biyu kafin ya yi kanta.

Baba bai iya biyan dubu goma sha huɗu ba. Kafin ya tara rabi, gursu ya sake hawa, bashin ya sake tsawo. Ƙarshe ya ba da ramukan jimarsa da gidansa jingina, ya ci gaba da jima a ramukan da ubansa ya haƙa, amma fatun na Maigida ne, shi ladan yini yake karɓa. Na je gaishe shi sau ɗaya. Ya karɓe ni da kyau, ya sa aka kawo ruwa, bai ta da maganar ba. Ban iya komawa ba.

Yayata ta sayi takarkarin guda. Damina guda cur ba ta yi mini magana ba, muna gari ɗaya. In na gaishe ta sai ta amsa wa matata. Sai wata rana da kaka ta aiko a ce in zo in kama mata ɗaurin tulu a bayan takarkarin, don hannunta ba ya kaiwa. Na je na ɗaura. Ta ce igiyar ta yi sako-sako, na sake. Daga nan muka koma magana, amma maganar Zango ba ta sake fitowa daga bakinta ba. Ba ta kuma sake tara wuri ba. In ta samu rara sai ta sayi akuya, ko zane, ko tukunya, ko da ba ta buƙata. Saniya ba ta samu ba, ɗakin ƙasa ma haka. Shekara shida ta ƙara, ta rasu a ɗakinta na kara, da sanyin safiya, bayan ciwon kwana huɗu.

Ran sadakar uku muna zaune a ƙofar gida sai ga mutum a kan jaki daga birni. Ya yi ta'aziyya, ya ce Maigida ne ya aiko shi, ya ji rasuwar, yana roƙa mata gafara. Ya ajiye 'yar jaka a gabana, ya ce gudummawa ce. Daga yadda ta zauna a ƙasa na san ba ta wuce dubu biyu ba.

Na ce ya ɗauka ya mayar.

Liman ya ce, "Haba, ba a mayar da sadakar mamaci."

Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan za a mayar."

Manzon ya tsaya yana duban mutane, ko wani zai sa baki. Na ɗauki jakar na ɗora masa a kan jaki da kaina, na kama akala na juya shi ya fuskanci hanyar birni. Dattawan gari suka ce na yi rashin ladabi, suka daɗe suna faɗa. Matata ma da muka shiga gida ta ce hatsinmu ba zai kai mu kaka ba, dubu biyu da sun sayi wani abu. Gaskiyarta ne, a shekarar sai da muka ci ganye wata guda kafin sabon gero ya nuna.